Muhawara: a ba ɗan takara makirfo a sujada, ko a hana shi?

Dattijo:
Salama a gare ku. Ga maganar da nake so mu tattauna tun yanzu, domin idan zaɓe ya matso ba a samun natsuwar yin ta. Ra'ayina shi ne ikilisiyoyinmu na Sakkwato su rubuta ƙa'ida, a karanta ta a gaban jama'a. Ɗan takara ba zai riƙe makirfo a lokacin sujada ba, ko baƙo ne ko ɗan ikilisiyar. Fasto ba zai kira sunan wanda za a zaɓa daga kan mumbari ba. Mawaƙa da Zumuntar Mata ba za su je taron jam'iyya da sunan coci ba. In ɗan takara ya zo, maraba da shi. Ya zauna inda kowa ke zama, ya ji wa'azi, ya ba da baikonsa, a gaishe shi cikin baƙi. Yakubu 2:1-4 ya riga ya gargaɗe mu kan ba mai zoben zinariya kujerar gaba, a ce wa matalauci ya tsaya can. Wanda yake ganin na tsananta, ya kawo hujjarsa.

Shugaban Matasa:
Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Mu dubi abubuwan da muke kuka a kansu: filin gina majami'a da takardar mallakarsa, maƙabarta, malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, takardar shaidar asali ga yaran da aka haifa a nan. Wanne ne ba ya hannun ɗan siyasa? Dokar filaye ta 1978 ta sa filin cikin birni a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka. To mutumin da zai riƙe wannan alƙalami ya zo da ƙafarsa ranar Lahadi, ranar da mutanenmu ke taruwa wuri ɗaya, sai mu ce ya zauna ya yi shiru? Ai nan ne ya kamata ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da zai yi, mu riƙe shi da bakinsa. Kuma ƙuri'ar marasa yawa ba ta da daraja sai ta tafi wuri ɗaya. Wa zai haɗa ta in ba fasto ba? Annabi Natan bai yi wa Dawuda shiru ba, Yahaya Maibaftisma bai yi wa Hirudus shiru ba.

Lauya:
Ƙanena, kafin mu kai ga annabawa, bari in sa doka a gabanmu, domin mutane da yawa suna zaton wannan batu na ra'ayi ne kawai. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, sashe na 92(3) ya hana a yi amfani da wuraren ibada, ofisoshin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati wajen kamfe, ko gangami, ko tallata jam'iyya da ɗan takara, ko sukarsu. Ka lura da sukar. Faston da ya ce kada a zaɓi wane ya shiga cikin abin da aka hana, daidai da wanda ya ce a zaɓi wane. A wannan doka ta 2022, ɗan takarar da ya saɓa wa sashen, tararsa na iya kai naira miliyan 1 ko ɗaurin wata 12. Jam'iyya kuwa naira miliyan 2 a karon farko.

Za ka ce wannan hukunci ɗan takara ya shafa, ba fasto ba. To ka je sashe na 97 na dokar ta 2022. Shi ya ambaci ɗan takara, ko wani mutum, ko ƙungiya, duk wanda ya yi kamfe ko ya watsa shiri bisa dalilin addini ko ƙabila don a zaɓi wani ko a ƙi wani. Tara har naira miliyan 1, ko wata 12, ko duka biyun. Fasto mutum ne, coci ƙungiya ce.

Sai Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 221: babu wata ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko kuɗin kamfe ɗinsa. Sashe na 40 ya ba kowane ɗan ikilisiya 'yancin shiga jam'iyyar da yake so, fasto ma ɗan ƙasa ne, yana da ƙuri'arsa. Abin da babu shi ne ikilisiya, a matsayinta na ikilisiya, ta zama ofishin kamfe.

Shugaban Matasa:
Barista, na ji. Amma faɗa mini gaskiya, mutum nawa aka ɗaure a kan waɗannan sassa? Kuma a masallatai ba a yi ne? Sai mu, da muka fi kowa buƙatar a ji muryarmu, za mu ɗaure bakinmu da dokar da wasu ba sa bi?

Ɗan Jarida:
Assalamu alaikum. Tun da an ambaci masallaci, ku ba ni dama, ni Musulmi ne kuma ɗan garin ga. Wagga doka ba ta ce coci ba, wuraren ibada ta ce, masallacin Juma'a na ciki. Ana yi a wajenmu, ba zan musa ba, kuma ba a cika gurfanar da kowa ba, wanga ma gaskiya ne. Amma ka dubi abin da ke biyo baya. Malamin da anka san ya tallata ɗan takara, ranar da gwamnatin ta gaza, mutane ba su ƙara jin wa'azinsa a kan zalunci, sai su ce ai nashi ne, ko su ce an hana shi rabonsa ne. Wanga hukunci ya fi tarar miliyan ɗaya ciwo, kuma ba kotu ke yanke shi ba.

Sai lissafi, tun da Shugaban Matasa ya kawo batun haɗa ƙuri'a. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, a jihar Sakkwato, Atiku ya samu ƙuri'a dubu 288 da 'yan kai, Tinubu dubu 285 da 'yan kai. Tazarar ba ta kai dubu 4 ba. Peter Obi bai kai dubu 7 ba. Ban ce duk Kirista Obi sunka zaɓa ba, babu mai sanin wannan, ƙuri'a asiri ce. Abin da nake nunawa shi ne a jihar da manyan jam'iyyu biyu ke kusa da juna haka, 'yan dubbai na da daraja muddin kowane ɓangare shina sa ran samunsu. Da zarar an ji daga mumbari cewa an riga an bayar da su, wanda anka ba ba shi da dalilin ƙara muku komai, wanda anka hana kuwa ya cire ku daga lissafinsa. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris tazarar Ahmad Aliyu da Sa'idu Umar ta kai kimanin dubu 49. Duk majami'ar da ta fito fili ta bi wanda ya faɗi, ita za ta koma neman takardar fili a gaban wanda ta ƙi, shekara huɗu.

Malamin Tarihi:
Malam ya taɓo inda ya dace. Ni kuma annabawan da ƙanenmu ya ambata nake so mu duba da kyau, domin hujjarsa ce mafi ƙarfi, kuma ba ta kai shi inda yake so. Natan ya tsauta wa sarkin da ke kan mulki a kan laifi takamaimai, matar Uriya da jininsa. Yahaya ya tsauta wa Hirudus a kan matar ɗan'uwansa, ya kuma biya da kansa. Ƙa'idar Baba ba ta hana irin wannan ba. Fasto ya yi wa'azi a kan satar mutane a hanyoyin Isa da Sabon Birni, a kan albashin da ba a biya ba, a kan sayen ƙuri'a, ya kira zalunci da sunansa. Wanda ya kamata mu ji tsoron zama shi ne Amaziya firist na Betel, wanda ya kori Amos yana cewa nan wurin sujadar sarki ne (Amos 7:10-13), ko annabawan nan 400 na Ahab da duk suka ce masa ya tafi yaƙi zai ci, Mikaiya kaɗai ya faɗi gaskiya.

Kuma kada wani ya ɗauka Kiristan Arewa bai taɓa shiga siyasa ba sai yanzu. A 1949 aka kafa ƙungiyar waɗanda ba Musulmi ba ta Arewa, wadda ta koma Middle Zone League, Fasto David Lot na cikin jagororinta. Daga wannan zuri'a jam'iyyar UMBC ta fito a 1955, wadda Joseph Tarka ya jagoranta. Ku lura da abin da suka yi. Sun fita sun kafa ƙungiyar siyasa mai sunanta da shugabanninta, suka yi ƙawance da waɗanda ba addininsu ɗaya ba. CAN ma, wato Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, da aka kafa a 1976, ƙungiyar kai kuka ce da yin magana da gwamnati, ba jam'iyya ba.

Batun "namu ne" kuwa, tarihi bai bar mu cikin duhu ba. Jolly Nyame Rabaran ne, ya mulki Taraba daga 1999 zuwa 2007, kotu ta same shi da laifin almundahana a 2018, aka yi masa afuwa a 2022. Zama limamin coci bai tsare shi ba. A 1993 kuma Abiola da Kingibe dukansu Musulmi ne, Kiristoci masu yawa suka zaɓe su. Faston da ya ce wane ne zaɓin Allah ya ɗora sunan Allah a kan halin ɗan Adam wanda bai gama sani ba.

Katikis:
Bari in kawo yadda abin yake a wajenmu Katolika, domin a rubuce yake. Dokar ikilisiya ta 1983, kanon (wato sashe) 285 ya hana limami karɓar muƙamin gwamnati mai ikon mulki, kanon 287 ya hana shi shiga harkar jam'iyya sai da izinin na gaba da shi. Shi ya sa da Fada Hyacinth Alia, limamin Katolika, ya shiga neman gwamnan Binuwai a 2022, bishop ɗinsa na Gboko ya dakatar da shi daga aikin limanci a bainar jama'a. Ya ci zaɓe a 2023, amma ba daga kan bagadi ya yi kamfe ba. A Enugu ma, a watan Yuni na 2022, bishop ya hana mabiya Katolika zuwa wurin addu'ar Fada Mbaka bayan maganganun da ya yi a kan Peter Obi.

Matasa suna yawan kawo misalin Bishop Kukah, wanda yake nan Sakkwato tun 2011. Gaskiya ne yana magana da ƙarfi, saƙonsa na Kirsimeti na 2020 ya tayar da ƙura sosai. Amma shi ne kuma mai haɗa Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa wanda Janar Abdulsalami Abubakar ke shugabanta, wanda ya sa Jonathan da Buhari suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 2015. Wannan kujera ba ta zaunuwa ga wanda ya ɗaga hannun ɗan takara. Haka NIREC, majalisar shugabannin addinai ta ƙasa da aka kafa a 1999, inda Mai Alfarma Sarkin Musulmi da shugaban CAN ke shugabanci tare. A Kenya ma shugaban Anglika, Jackson Ole Sapit, ya hana 'yan siyasa magana daga mumbari a 2021. Baba bai ƙirƙiro sabon abu ba.

Uwar Zumunta:
Na gode Baba da ka sa mu a cikin ƙa'idar, domin ta wajenmu ake shigowa, ba ta wajen fasto ba. Ga yadda abin ke tafiya. Ba ɗan takarar ke zuwa ba, matarsa ko shugabar matan jam'iyya ce. Za a kawo turmin atamfa, buhun shinkafa, sabulu, a ce gudummawa ce ga gwauraye. Bayan mako biyu sai saƙo ya zo cewa ana buƙatar mata su zo tarbar baƙo, za a aiko da mota, su sa anko, su zo da tulu da kacau-kacau. Mata sun riga sun karɓi atamfa, kunya ba za ta bar su su ƙi ba.

Ankon Zumunta ba tufafin biki ba ne. Sunan ikilisiya na jikinsa, akwai aya, akwai hoton Littafi. Mata 40 sanye da shi a ƙarƙashin tutar jam'iyya, hoto ɗaya ya isa a ce ikilisiya kaza ta bi wane, alhali majalisar dattawa ba ta ma san an je ba. Kuma a cikin Zumunta ɗaya akwai matar ɗan wannan jam'iyya da matar ɗan waccan. In aka dawo, sai ka ga mutum biyu da suka shekara suna amsa waƙa ɗaya sun daina gaisawa.

Abin da ke magance shi ba wuya. Kyauta ba ta shiga hannun Uwar Zumunta ita kaɗai, sai a gaban sakatariya da ma'aji, a rubuta, a kai wa dattawa. Anko da kayan kiɗa ba sa fita sai taron ikilisiya, jana'iza, aure, ko gaisuwar mara lafiya. Matar da take son zuwa gangami ta je da zanenta na gida, 'yancinta ne.

Shugabar Mawaƙa:
Mama, a kan anko ina tare da ke. Amma Baba, sashen mawaƙa ne ban gamsu da shi ba, kuma ina roƙo a saurare ni har ƙarshe. Yaron da ke buga fiyano ranar Lahadi, yawanci ba albashi ake ba shi ba. Sana'arsa kiɗa ce. Ranar Asabar yana gidan biki, tsakiyar mako yana sutudiyo yana haɗa wa mawaƙa kiɗa, na bishara da na soyayya da na siyasa, na'ura ɗaya ce. Lokacin zaɓe shi ne kakarsa. In tela Kirista zai ɗinka hular jam'iyya, mai buga takardu ya buga fosta, don me makaɗi kaɗai za a hana?

Kuma aron karin waƙa ba yau aka fara ba. Waƙoƙi da yawa na Littafin Waƙoƙi karinsu daga Turai ya zo, aka sa musu kalmomin Hausa. Zumuntar Mata da ƙungiyoyin Sabon Rai su ne suka shigo da karin gida, na daka da na dandali, da ganga da tulu, har sujada ta zama tamu. Iyayenmu na da sun yi gardama a kan ganga kamar yadda ake yi yau a kan kiɗan zamani. In muka ce duk abin da ya taɓa duniya kada ya shigo, matasa za su tafi inda ake kiɗan da suka sani.

Mai Kula da Sauti:
Yaya, tela ba ya sa sunan Yesu a hular. Matsalar ba aro ba ce, inda aron ya nufa ne. In aka ɗauki karin dandali aka yabi Allah da shi, an ɗaga shi. In aka ɗauki amshin da ikilisiya ta saba yabon Allah da shi, aka cire sunan Ubangiji aka sa na ɗan takara, to ranar Lahadi in kun tayar da waƙar, rabin jama'a gangami suke tunawa. Waƙar ta mutu ke nan a hannunmu. Ƙari kuma, mawaƙin siyasa ba ya tsayawa a yabo. Waƙar siyasa a ƙasar Hausa da zambo da habaici take tafiya, su ke sa ta yi kasuwa. Muryar da ta zagi wani jiya, ita za ta jagoranci ɗan'uwan wanda aka zaga cikin sujada gobe?

Ni shawarata a raba abu biyu. Makaɗi ya yi aikinsa na haya da kayansa, da sunansa, babu wanda zai hana. Amma fiyanon coci, lasifika, amfilifaya da janareta ba sa zuwa gangami ko da kuɗin haya. Karin waƙar sujada ba a sayar da shi. Wanda ya fito da muryarsa da fuskarsa a waƙar ɗan takara, ya huta da jagorancin sujada har a gama zaɓe.

Sai batun da ya fi damuna, wanda ƙa'idar Baba ba ta taɓa ba sam. Sujadarmu yanzu ba ta ƙarewa a cikin bango huɗu. Ana watsa ta kai tsaye a Facebook, ga wayoyi a hannun jama'a. Wa'azin minti 45, wani zai yanko daƙiƙa 30, ya cire abin da ya gabata da abin da ya biyo, ya rubuta kanun da yake so, ya sa a TikTok da WhatsApp. Kafin fasto ya isa gida, maganar ta kai Mabera da Kwannawa. Dukanmu mun san abin da ya faru a garin nan a watan Mayu na 2022: daga saƙon murya a zauren WhatsApp na ɗalibai aka kashe ɗaliba, tarzoma ta biyo baya, aka taɓa majami'u da shaguna, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24. Wanda ya ga wannan ba zai yi wasa da makirfo ba.

Don haka a ƙara waɗannan. A riƙa ajiye cikakken faifan kowace sujada da kwanan watansa, domin in an yanko guntu, cikakken ne kaɗai zai wanke mu. A tsayar da watsawa lokacin sanarwa da gaishe da baƙi, domin nan ne ɗan siyasa ke samun hoton da ya zo nema. Shafin ikilisiya mutum biyu su riƙe shi, dattawa su san ko su waye, a canza kalmar sirri duk lokacin da ɗayansu ya sauka. Makirfo mara waya ya zauna a teburin sauti, ba a hannun mai gabatarwa ba. Yawanci ba fasto ke miƙa shi ba, mai gabatarwa ne kunya ke kama shi in babban mutum ya miƙo hannu.

Shugabar Mawaƙa:
Kayan coci da karin sujada, na yarda. Hutun dole ga mawaƙi, ban yarda ba, sai in za a yi wa dattijon da ke shugabantar jam'iyya a mazaɓarsa haka, shi ma ya huta da karanta sanarwa da raba Jibin Ubangiji. Kada talakan mawaƙi ya ɗauki hukuncin da mai babbar riga ba ya ɗauka.

Dattijo:
'Yata, kin yi gaskiya. Duk mai tsayawa gaban jama'a, in ya karɓi aikin kamfe a fili, ƙa'ida ɗaya ce. A rubuta haka.

Ma'aji:
Ku ba ni wuri in yi maganar kuɗi, domin makirfo ba a banza ake ba da shi ba, gidauniyar gini ce ke sayensa. An sa ranar gidauniya, an gayyaci ɗan takara a matsayin babban mai ƙaddamarwa, to yaya za a hana shi magana? Tun daga takardar gayyata aka saɓa ƙa'idar. Dokar 2022 ta buɗe kamfe kwana 150 kafin zaɓe, ta rufe awa 24 kafin ranar. Cikin waɗannan watanni biyar kada a sa gidauniya ko bikin godiyar da za a gayyaci ɗan takara. A yi kafin, ko bayan.

In ya kawo kyauta da kansa, ta shiga asusun banki na ikilisiya, a yanka rasit, a rubuta cikin rahoton kuɗi na shekara, ba tare da sanarwa daga mumbari ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Jakar kuɗi a ofishin fasto bayan sujada ita ce mafarin yawancin rigimar: ba rasit, ba shaida, daga baya a ji adadi biyu, na mai bayarwa da na mai karɓa. Alkawarin da aka furta da baki a gaban jama'a kuwa, kada a sa shi cikin kasafi sai ya shiga asusu. Ana cire tsohon kwanon rufi bisa alkawari, damina ta zo, kuɗin bai zo ba. A Nairobi, a watan Nuwamba na 2024, Akbishop na Katolika ya ƙi karɓar kuɗin da Shugaba Ruto ya bayar a wata majami'a, ya ce a mayar. Ana iya ƙi.

Shugaban Matasa:
Kun rufe ƙofofi da yawa, ba wanda ya buɗe ko ɗaya. Filin maƙabarta na nan yadda yake. In ba a sujada ba, a ina za mu tsayar da ɗan takara mu tambaye shi? Mu yi a zauren taro na harabar coci ranar Asabar?

Lauya:
Harabar coci ma ana iya cewa wurin ibada ce, kada ka ba mai ƙara dama. A kama zaure a gari, ƙungiyar 'yan unguwa ko ta matasa ta kira taron da sunanta. A aika wa duk 'yan takarar kujerar takarda iri ɗaya, rana ɗaya. Minti daidai, tambayoyi iri ɗaya a rubuce, a ɗauki faifai. Wanda bai zo ba a faɗi cewa an gayyace shi, a tsaya nan. Kada a rufe taro da cewa ga wanda muka zaɓa.

Amma gaskiyar magana, ƙanena, ranar da ɗan takara ya shigo coci an riga an gama. A dokar 2022, jam'iyyu na miƙa sunayen 'yan takara kwana 180 kafin zaɓe, kuma rajistar 'yan jam'iyya na zuwa hukumar zaɓe kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani. Wanda ba shi da katin jam'iyya a mazaɓarsa ba shi da baki a inda ake zaɓen wanda za a zaɓa. Jihar nan na da ƙananan hukumomi 23, mazaɓu 244, kujerun majalisar jiha 30. Tun 2018 mai shekara 25 na iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Matasanka nawa ke halartar taron mazaɓa?

Sai katin zaɓe. Mutum ya shekara ashirin a Sakkwato, katinsa na Zuru ko Kafanchan ko Anambra. Ranar zaɓe ko ya yi tafiya, ko ya zauna a gida, ko ta yaya ƙuri'arsa ba ta shiga lissafin jihar da yake neman fili a cikinta. Ana iya mayar da rajista zuwa rumfar da ke kusa, amma dokar 2022 ta rufe rajista kwana 90 kafin zaɓe, hukumar kuma takan rufe tun kafin haka. Wannan sanarwa fasto na iya yin ta kowace Lahadi daga mumbari, babu sashen da ya hana, muddin bai haɗa da sunan kowa ba. Haka sa ido a rumfa: a dokar 2022, wakilin jam'iyya sai an miƙa sunansa kwana 14 kafin zaɓe, shi ke sa hannu a takardar sakamako ta EC8A ya karɓi kwafinsa. Mai sa ido kuma sai ta ƙungiyar da hukumar ta tantance, irin hukumar adalci da zaman lafiya ta Katolika.

Shugaban Matasa:
Mayar da kati da shiga mazaɓa, wannan aikinmu ne, za mu ɗauka. A makirfo ma na sauko. Amma abu ɗaya ba zan bari ba. In ɗan ikilisiyarmu, wanda aka yi wa baftisma a nan, ya fito takarar kansila, dole a kira shi gaba a ɗora masa hannu a yi masa addu'a. Muna yi wa mai tafiya karatu, muna yi wa sojan da aka tura daji. 1 Timoti 2:1-2 ya ce a yi addu'a domin masu mulki.

Katikis:
Ayar ta ce domin dukan mutane da dukan masu mulki, har da wanda yake takara da shi. A sa su duka cikin addu'ar jama'a. Ɗora hannu a gaban bagadi, mutum na durƙushe, shi ne hoton da za ka gani a fosta kafin Laraba.

Uwar Zumunta:
Ni a nan ina tare da ɗana. Yaron da muka goya ba za mu hana shi albarka don tsoron hoto ba. Sai dai a yi ta a gidansa ko a ofishin fasto, dattawa su je, mu ma mu je, a ajiye wayoyi a waje. In kuma 'yan ikilisiya biyu ne ke neman kujera ɗaya, a je gidan kowannensu a mako ɗaya.

Dattijo:
To a rubuta biyun, na Katikis da na Mama, kowace majalisar dattawa ta zaɓa, domin tsarin ikilisiyoyinmu ba ɗaya ba ne. Barista, ka haɗa daftarin da gyaran da aka yi a kan mawaƙa da dattawa, da na faifai da na gidauniya. Ka kuma duba ko an sauya lambobin sassan da ka kawo ko adadin kwanakin, tun da majalisa kan taɓa dokar zaɓe kafin kowane babban zaɓe. A fassara shi zuwa Turanci saboda 'yan'uwanmu da ba sa jin Hausa, amma na Hausar za a karanta wa Zumunta.